Zare, dami da tururi: inda ray, beam da radiation suka rabu

Yawancin na'urorin da ake saukewa a Yamai yanzu, daga ta ɗaukar hoton ƙirji har zuwa farantan sola da fitilun mota, da littafin Ingilishi suke zuwa. Wanda ya yi karatunsa da Faransanci sai ya buɗe ya tarar da *ray* a wannan shafi, *beam* a wancan, *radiation* kuma cikin akwatin gargaɗi mai ruwan ɗorawa, ya ɗauka abu guda ne marubucin yake sauya wa riga. In aka ce ya mayar da shi Hausa don ma'aikata ko majinyata, sai duka su koma "haske", ko kuwa "tururi" kamar yadda ake ji a labaran rediyo. Alhali injiniyan da ya rubuta littafin da gangan ya zaɓi kowace kalma, kuma a wasu shafukan, wannan zaɓin ne ke gaya wa mutum inda zai tsaya da inda zai kauce.

A shiga ɗakin kwano da hantsi a turo ƙofa. In akwai hujin ƙusa a rufin, za a ga siririn haske ya miƙe sak daga hujin zuwa daɓe, ƙura tana yawo cikinsa. Wannan shi ne mafi kusa da *ray* da ido yake iya gani. A wurin masana kuwa *ray* ba shi da faɗi ko kaɗan. Layi ne da malamin kimiyya ke ja a allo ya sa masa kan kibiya, don nuna daga ina haske ya taso da inda ya dosa, ina ya lanƙwasa da ya shiga ruwa, ina ya dawo da ya bugi madubi. Asalin kalmar daga Latin ne, *radius*, wato wayar ƙafar keke da ke tashi daga cibiya zuwa baki, kuma daga nan Faransanci ya samu *rayon*. Da Hausa, zaren haske ko tsirkiyar haske ta wadatar.

*Beam* kuwa a tsohon Ingilishi itace yake nufi, ɗan'uwan *Baum* na Jamusanci. Har yau azarar ɗaki da gungumen kankare da ke ɗauke da bene sunansu ke nan, abin da Faransanci ke kira *poutre*, haka ma sandar sikeli da ake rataya farantai biyu a kanta. Da aka ara wa haske kalmar, sai ta zo da kaurinta. *Beam* zaruruwa ne masu yawa da aka tattara aka nufi wuri guda da su, yana da faɗi, yana da baki, ana iya ƙuntata shi ko a buɗa shi ko a datse shi. Faransanci ya ce *faisceau*, wanda ma'anarsa ta asali dami ce, kuma a ganina babu kalmar Hausa da ta fi dami dacewa. Shi ya sa ake cewa *laser beam*, ba a cika jin *laser ray* a bakin masu aikin ba. A hirar yau da kullum Baturen Ingila yana iya cewa *sunbeam* ko *ray of sunlight* ba tare da ya bambanta ba, kuma *ray* ce ke shiga maganar zuci, kamar shirin yaƙi da cutar daji da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta ƙaddamar a 2022 mai suna *Rays of Hope*, wanda Nijar na cikin ƙasashen farko da suka shiga. A littafin na'ura dai ba a yin wannan sassauci.

Direba ya san dami ko da bai san sunansa ba. *Low beam* shi ne *code*, *high beam* shi ne *plein phare*. A jikin fitilar gaba ta motoci da yawa akwai lamba kamar 1% ko 1,2%, wadda ke nuna yadda damin zai sunkuya. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, tayoyi da iska daidai. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ce santimita 70. In lambar 1% ce, bakin hasken na sama ya kamata ya sauka a santimita 60 a jikin bangon. Motar da aka labta wa buhunan albasa a baya hancinta kan ɗaga, sai damin da aka saita wa kwalta ya koma idon mai tahowa. Ƙarfin ƙwan bai ƙaru ba, inda aka nufa da shi ne ya sauya. Haka kuma ranar hazo mai kauri a hanyar Dosso, kunna *high beam* ƙara makanta yake yi, domin ƙurar da ke gaban gilashi tana watsa hasken ta dawo da shi fuskar direba.

Wannan watsuwa ita ce mabuɗin fahimtar ɗakin hoto na asibiti, inda kalmomin uku suke haɗuwa a shafi ɗaya. A cikin kan na'urar akwai bututun da aka zuƙe wa iska. Ana sa masa wuta mai ƙarfin kilovolt 60 zuwa 125, ilektaron, wato ƴan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, su ruga su bugi wani ƙarfe mai suna tungusten. Kusan kashi 99 cikin ɗari na makamashin zafi yake zama, ɗan abin da ya rage ne *X-rays*. A ƙasan bututun akwai akwati mai fuka-fukan darma, *collimator*, da ƴar fitila a cikinsa. Idan ma'aikaci ya murɗa maɓallan, za a ga murabba'in haske a bayan majinyaci yana raguwa ko yana ƙaruwa, da alamar giciye a tsakiya. Wannan murabba'in shi ne iyakar *primary beam*, damin farko. Aikin ƙwarai shi ne a matse shi ya tsaya kan ƙirji kaɗai, daga kafaɗa zuwa ƙasan haƙarƙari. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin fuka-fukan a wangale don kada a yanke gefen huhu, sai wuya da ciki su sha abin da ba su buƙata, hoton kuma ya fito dishi-dishi saboda watsuwa ta yi yawa. Wani lahanin kuma, in madubin da ke cikin akwatin ya goce, fitila tana nuna wuri ɗaya, damin na sauka wani wuri, ana ta maimaita hoto ana zargin majinyaci da motsi. Ana gane wannan da gwaji mai sauƙi: a jera sulalla a bakunan murabba'in hasken a ɗauki hoto, a ga ko sun fito daidai bakin hoton.

Abin da ya bugi jikin majinyaci ya fantsama ko'ina cikin ɗaki ba a sake kiransa *beam*, domin ba shi da alƙibla. Sunansa *scatter radiation*. Abin da ya silale ta jikin murfin bututun kuma *leakage radiation* ne. Saboda haka idan littafi ya ce kada a sa hannu cikin *beam*, magana ce ta wuri mai iyaka da ake iya nunawa da yatsa. Idan ya ce a kare kai daga *radiation*, ɗakin gaba ɗaya yake nufi, na tsawon ƙiftawar idon da ake ɗaukar hoton. Uwa da aka ce ta riƙe yaronta sai a sa mata rigar darma mai kaurin milimita 0,25 zuwa 0,5, ta tsaya gefe, hannuwanta a wajen murabba'in. Rigar an yi ta ne don abin da ya fantsama. Nisa ma kariya ce mai arha: in aka ninka nisa sau biyu, abin da ke isowa ya ragu zuwa rubu'i, in aka ninka sau uku ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin tara. Taku biyu baya ya fi kowace dabara sauƙi.

*Radiation* ita ce uwar kalmomin. Duk makamashin da ya bar tushensa ya bazu, ko a siffar igiya ko a siffar ƙwayoyi, sunansa ke nan. Zafin da ke dukan fuskar mai gasa kilishi *radiation* ne. Hasken rana, siginar tashar rediyo, ta wayar salula, duka haka. Faransanci ya fi amfani da *rayonnement* a nan, kuma akwai tarko ga ɗan Nijar: *radiation* a takardar ofis ta Faransanci tana nufin soke sunan mutum daga rajista, ma'anar da Ingilishi bai san da ita ba sam. A littafin fasaha kalmar ba ta ɗauke da hukuncin cutarwa ko rashinta. Hukuncin yana cikin kalmar da ke gabanta. *Ionising radiation* shi ne mai ƙarfin fizge ilektaron daga ƙwayar zarra, har ya iya lalata ƙwayoyin gado na jiki, kuma a nan *X-rays* da nau'o'in da ake kira gama da alfa da beta suke. *Non-ionising* ba shi da wannan ƙarfi, galibi iyakarsa ya ɗumama abu, kuma a nan eriyar salula da na'urar ɗumama abinci da hasken fitila suke. Mutanen unguwa da suka ji an ce eriyar da aka kafa musu tana fitar da *radiation*, kuma aka fassara musu da tururin nukiliya, an sa su fargabar abin da ba shi ne a gabansu ba.

Ita wannan kalma ta tururi ina ganin ta yi ɓarna fiye da gyara. Tururi yana tashi sama, iska tana kaɗa shi, yana laƙewa a tufafi, yana daɗewa a ɗaki in ba a buɗe taga ba. *X-rays* ba sa yin ko ɗaya daga ciki. Da an saki maɓalli sun ƙare, kamar yadda ɗaki ke yin duhu da an kashe ƙwai. Babu abin da ya rage a bango ko a gado ko a jikin wanda aka ɗauka. Majinyaciyar da ta fito tana tambaya, "Malam, sai na yi wanka kafin in ba jinjiri nono?", kalmar tururi ce ta sa mata wannan tunani. Amsar ita ce, "Hajiya, ba shi yanzu ma, babu abin da ya biyo ki." Gara a ce radiyeshan kai tsaye a yi bayani da a ba mutum kalmar da za ta zana masa hoton da ba daidai ba.

Inda tururi ya kusa dacewa shi ne wajen *radioactive*, kuma wannan wata kalma ce daban. *Radiation* abin da ke fitowa ne, *radioactive* kuwa sifa ce ta abin da ke fitar da shi da kansa, ba wuta, ba maɓalli. Wilhelm Röntgen ya gano hasken *X-rays* a Jamus a Nuwamban 1895, ya sa masa X don bai san ko mene ne ba. A 1896 Henri Becquerel a Faransa ya lura gishirin yuraniyom yana baƙanta farantin hoto da ke naɗe cikin baƙar takarda, ba tare da an haɗa shi da komai ba, sannan Marie Curie ta raɗa wa wannan hali suna a 1898. A lokacin duk abin da ya miƙe daga tushe ana ce masa *ray*, shi ya sa sunan ya maƙale wa alfa da beta, ko da yake daga baya an gane ƙwayoyi ne, alfa cibiyar zarrar hiliyom, beta kuma ilektaron. Takarda ɗaya tana tare alfa. Ƴan milimitoci na alminiyom suna tare beta. Gama sai darma ko kankare, kuma ragewa suke yi, ba tarewa ɗungurungum ba: ga gamar da sinadarin kobal-60 ke fitarwa, darma mai kaurin santimita 1,2 rabi take ragewa.

Mu da ake haƙar yuraniyom a ƙasarmu tun 1971 a Arlit, har hanyar Tawa zuwa can ake kira hanyar yuraniyom, bai kamata wannan bambanci ya ɓace mana ba. Yuraniyom-238 sai bayan shekara kusan biliyan huɗu da rabi rabinsa ke rikiɗewa, don haka a hankali yake fitar da abin da yake fitarwa, kuma mafi yawa alfa ne, wanda fatar mutum ma tana tarewa. Haɗarinsa yana zuwa ne in ya shiga ciki, ta ƙura a huhu ko ta ruwan sha. A cikin zuriyarsa akwai radon, iskar gas mara wari wadda rabinta ke rikiɗewa cikin kwana 3,8. Ita ce ke taruwa a ramin haƙa irin na ƙarƙashin ƙasa da aka yi a Akokan har zuwa rufe shi a 2021, kuma ita ce dalilin manyan fankokin da ake sa wa irin waɗannan ramuka. Radon kam ana shaƙarsa, iska tana kaɗa shi, buɗe taga yana rage shi. In da za a ajiye kalmar tururi don shi kaɗai, da ba a yi kuskure ba.

Daga nan kalmomi biyu suka fito waɗanda rikita su ya fi kowane tsada. *Irradiation* shi ne radiyeshan ya ratsa mutum ko abu ya wuce. *Contamination* shi ne sinadarin da ke fitar da shi ya hau jiki ko ya shiga ciki. Kamar bambancin wanda ya ji ɗumin garwashi daga nesa da wanda garwashin ya faɗa aljihunsa. Na farko da ya matsa an gama, na biyu sai an cire.

Majinyacin daji da ake yi wa gashi daga waje, abin da Ingilishi ke kira *external beam radiotherapy*, kuma aka fara yi a Cibiyar Yaƙi da Cutar Daji ta Ƙasa a Yamai a 2021, *irradiation* ake yi masa. Ana nufar ƙarin da dami daga kusurwoyi dabam-dabam, galibi kimanin gire 2 (ma'aunin radiyeshan da jiki ya sha) a rana, kwana biyar a mako, har a kai jimillar da likita ya tsara. Yana komawa gida ya ci a kwano ɗaya da iyalinsa, ya ɗauki jikokinsa, babu abin da zai same su. Ware masa ɗaki da kwano zalunci ne da jahiltar kalma ke haifarwa. Haka albasar da ake haska wa gama a wasu ƙasashe kamar Indiya don hana ta tsiro a rumbu, da adadin da bai cika wuce gire 150 ba: da za a yi wa ta Galmi haka, *irradiated* za a rubuta a buhun, kuma ba ta zama *radioactive* ba. Amma wanda aka ba aidin-131, sinadari mai fitar da radiyeshan, ya haɗiya don ciwon maƙoƙo, shi sinadarin yana cikin jikinsa, rabinsa na rikiɗewa cikin kwana 8, yana fita ta fitsari da yawu da gumi. Shi ne ake ce wa ya nisanci yara da masu juna biyu na ƴan kwanaki, ya kwana shi kaɗai, ya kora ruwa sosai a bayan gida.

A garin Goiânia na Brazil a 1987, masu tara tsofaffin ƙarafa suka kwance kan wata na'urar gashi da aka yasar, suka fasa, suka tarar da garin siziyom-137, sinadari mai fitar da radiyeshan, mai ƙyallin shuɗi a duhu. Aka yi ta rabawa dangi da maƙwabta. Mutum huɗu suka mutu, aka samu sinadarin a jikin mutum 249. Duk mai sana'ar jari-bola ko ƙira da ya ga wani ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, da alamar fanka mai fuka-fuki uku, kada ya fasa, kada ya narka, ya matsa nesa ya sanar da hukuma. In kuma ana zaton gari ko ƙura ta hau mutum, a fara da cire tufafin sama a hankali ba tare da karkaɗewa ba, wanda shi kaɗai kan raba shi da kusan kashi 90 cikin ɗari na abin, a ƙulle su a leda. Sai wanka da sabulu da ruwa mai ɗan ɗumi. Kada a dirje fata da soso har ta yi ja, domin ta nan sinadarin ke samun ƙofar shiga.

Ma'aunan ma bin wannan rabo suke yi. Bekerel na auna tushe, rikiɗewa ɗaya a daƙiƙa. Gire na auna makamashin da kilo ɗaya na jiki ya sha. Sibat na auna illar da ake tsammani ga mutum, milisibat kuma kashi ɗaya ne cikin dubu na sibat. A matsakaicin lissafi na duniya, kowa yana samun wajen milisibat 2,4 a shekara daga ƙasa da iska da abinci da sararin sama, kusan rabi daga radon. Hoton ƙirji wajen 0,1 ne, abin da mutum ke samu cikin mako biyu yana zaune a gida. Ma'aikacin da ke rataye da ɗan ma'auni a ƙirji, iyakar da ƙa'idar duniya ta sa masa milisibat 20 ce a shekara, in aka daidaita kan shekara biyar. Barin ma'aunin rataye a rigar aiki cikin ɗakin hoto, ko aron na abokin aiki, yana mayar da wannan lissafi banza.

Masu sola ma suna da nasu rabon. *Irradiance* ƙarfin rana ne a wannan lokaci, wat a kan murabba'in mita. *Irradiation* a wurinsu jimillar abin da ya sauka ne a yini, kilowat-awa a kan murabba'in mita. Wat 300 da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a *irradiance* 1000 da zafin digiri 25. In wuri yana samun kilowat-awa 6 a yini, lissafin takarda wat-awa 1800 ne. Amma farantin da ya kai digiri 65 a rufin kwano cikin watan Afrilu ya yi asarar wajen kashi 16 cikin ɗari saboda zafi kaɗai, kafin a zo ga ƙura da waya da batir, don haka wanda ya sa rai da 1300 zuwa 1400 ya fi kusa da gaskiya. A nan ne kuma ake cin karo da kalmomin biyu a manne, *beam radiation*, wato hasken da ya zo kai tsaye daga ƙwallon rana, wanda ke yin inuwa mai kaifi, kishiyar *diffuse radiation* da ƙura da gajimare suka watsa. Faranti yana cin duka biyun, shi ya sa yake ci gaba da ba da wuta ranar hazo ko da ta ragu. Murhun madubi mai tattara rana wuri guda, irin fannin da Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi wa hidima, na kai tsaye kaɗai yake iya tattarawa. Ranar da inuwar mutum ta dushe, tukunyar da ke kansa ba za ta tafasa ba.

Akwai kalma ɗaya da ke sauya ma'ana a kan iyakar Ƙonni. A Sakkwato ko Kano, in aka ce wa mai ciki ta je ta yi sikanin, hoton sauti ake nufi, wanda a Yamai ake kira eko, kuma babu radiyeshan mai fizge ilektaron a cikinsa ko ɗigo. A Yamai kuwa *scanner* shi ne abin da Ingilishi ke kira *CT*, inda damin *X-rays* ke zagaya jiki, kuma na ciki kan kai milisibat 8 zuwa 10, kwatankwacin hoton ƙirji tamanin zuwa ɗari. Matar da ta zo da takarda daga can, ko za ta kai takarda can, a karanta abin da likita ya rubuta harafi da harafi, kuma a tambaye ta kwanan watan al'adarta ta ƙarshe kafin a kwantar da ita a kan teburin.